Ɗigo na Uku

A shekarata ta uku a jami'a, a Gusau, na fara ganin ruwan jini da idona. Kafin nan jini ja ne kawai a wurina. Aka ba mu 'yan kwalabe, muka sa su a injin da ke juya su da gudu, suka fito sun rabu gida biyu: ja ya kwanta a ƙasa, a samansa wani ruwa garai-garai mai launin karan gero bayan girbi. Na ɗaga tawa kwalbar wajen taga na daɗe ina kallo, har malamarmu ta ce idan na gama gaisawa da shi in dawo mu yi aiki.

Abin da malamar nan ta koya mana a wannan zangon shi ne yadda ake zaro furotin, wani sinadarin jiki, iri ɗaya tak daga cikin tarin waɗanda ke yawo a ruwan. Akwai wani bututun gilashi da bai fi tafin hannu tsawo ba, an cika shi da 'yan ƙwayoyi farare masu laushi, kamar gasarar koko idan ta kwanta. A jikin kowace ƙwaya an maƙala wani abu da ba ya kama komai sai irin furotin ɗin da ake nema. Sai a zuba ruwan jini daga sama, ya riƙa tsiyaya a hankali. Duk abin da ba shi ake nema ba zai wuce ya fita ta ƙasa. A wanke, a sake wankewa, har ya zama ba abin da ke fitowa. Daga nan a zuba wani ruwa mai ɗan tsami, ƙwayoyin su saki abin da suka riƙe, ya gangaro ɗigo-ɗigo cikin 'yan kwalabe. Da ido ba ka ganin komai. Na'ura ce za ta nuna maka cewa a kwalba ta biyar da ta shida abin yake.

Mu wanda muke kamawa shi ne irin furotin ɗin da jiki ke yi don ya gane baƙo ya yaƙe shi. Malama tana kiransu masu gadin jini.

Na so aikin nan ƙwarai. Aiki ne na mai haƙuri, ni kuma tun ina ƙarama an san ni da zama wuri ɗaya ina kallon abin da ba wanda ya damu da shi. Da na je gida Tsafe hutun ƙarshen mako, na zauna ina yi wa Inna bayani tana tsince wake.

"Au, tankaɗe anka tura ki koyo?" in ji ta. "Ga rariya can rataye."

"Inna, rariya girman abu take dubawa. Wannan ganewa yake yi. Kamar yadda akuya ke gane ɗanta cikin garke da yamma."

"To akuya ma ta iya, ba ta je jami'a ba."

Yayata ita ce 'yar fari a gidanmu, ta girme ni da shekara bakwai. Ita ta goya ni, ita ta yi min kitso har na shiga sakandare. Tana aure a wani ƙauye kusa da Bungudu, mijinta manomi ne, yana kuma sayen hatsi ya kai kasuwa. Tun da na shiga jami'a take kirana Likita. Na sha gaya mata ba karatun likita nake yi ba, ta ce wanda ya sa farar riga ya taɓa jini ba shi da wani suna.

Tana da cikin fari wata shida ta shigo Gusau sayen atamfa, ta sauka inda nake zaune a Tudun Wada. A makon an ce kowannenmu ya kawo mutum biyar ya gwada musu rukunin jini, ni kuwa huɗu na samu. Na ja ta har makaranta tana mita. Gwajin ba wuya: a tsira ɗan yatsa, a ɗiga jini sau uku a kan farin tangaran, a sa wa na farko magani shuɗi, na biyu rawaya, na uku mai kama da ruwa. A wurin mutum huɗun da na gwada, ɗigo na uku tsinkewa ya yi kamar madarar da ta lalace. Na Yaya bai tsinke ba. Na juya, na ƙara juyawa, ya tsaya sumul, ja mai sheƙi kamar ɗan kunne.

"Mi ya faru?" ta ce. "Jinina ya faɗi jarrabawa?"

"A'a. Irin naki ne ba shi da yawa. Negetif ake ce masa."

"Dama na sani ni ba irin kowa ba ce."

Muka yi dariya. Na rubuta a littafina, na raka ta tasha.

Bayan mako uku, muna tsaye muna jiran bututu ya gama tsiyaya, Malama ta ce bari ta gaya mana amfanin abin da muke yi, kada mu ɗauka wasa da ruwa ne. Ta ce idan mace negetif ce, mijinta fositif, irin waɗanda ɗigonsu na uku ke tsinkewa, ɗan da ke cikinta yana iya ɗauko jinin uban. Wajen haihuwa ɗan jinin jaririn yakan shiga jikin uwar. Jikinta sai ya ɗauke shi baƙo, ya ƙera masu gadi a kansa, su kuma ba sa mantuwa. Ɗan fari ya riga ya fito, ba abin da zai same shi. Waɗanda za su biyo baya su ne masu gadin za su bi har cikin mahaifa su riƙa fasa musu jini. Ta ce akwai allura, daga ruwan jinin mutane ake tace ta da aiki ɗan'uwan wannan namu. Idan aka yi wa uwar bayan haihuwa, za ta share jinin jaririn kafin jikin uwar ya kai ga haddace shi. Ta juya ta rubuta a allo: kwana uku. Ta ja layi a ƙasa.

Na buɗe littafina na ga rubutun hannuna a gefen shafi: Yaya, negetif. Na san me nake gani. Ina so in faɗi wannan a fili, don daga baya na sha ƙoƙarin gaya wa kaina cewa ban gane sosai ba. Na gane.

Sau biyu na kira Yaya da niyyar in gaya mata. Amma cikin fari abin kunya ne, ko da wasa ka nufi wajen za ta sauya magana. Na tambaye ta ko tana zuwa awo, ta ce ta je, an ba ta ƙwayoyi, ta shiga ba ni labarin kazarta da ta ƙyanƙyashe 'yan zabi. Na ce a raina ai bayan haihuwa ake allurar, kuma a gidanmu za ta haihu, ina nan.

A wata na bakwai aka kawo ta Tsafe goyon ciki. Ta haihu ranar wata Talata da hantsi, a ɗakin Inna, a hannun ungozoma. Mace ce. Na iso ranar Laraba da azahar, damina ta kankama, duwatsun gari sun yi kore har wuya. Tun a mota na lissafa: ina da zuwa hantsin Juma'a. Na rubuta sunan allurar a 'yar takarda na ƙulle a bakin mayafina.

Inna ba ta sa baki a lamarin. Yaya 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa, balle ta tsaya kan jegonta. Ta koma madafa tana aiki kamar a gidan maƙwabta aka haihu, sai dai takan tsaya jim idan jaririyar ta yi kuka. Jegon yana hannun Gwaggo, yayar Baba, wadda ta haifi tara, ta yi wa rabin matan unguwa wanka. Ni aka sa hura wutar ruwan wanka da tsinko ganyen darbejiya, safe da la'asar.

Da la'asar ɗin Laraba, ina tura itace ƙarƙashin tukunya, Gwaggo tana taɓa ruwan da bayan hannu, na ce, "Gwaggo, akwai wata allura da ya kamata a kai Yaya asibiti a yi mata."

"Mi ya same ta?"

"Ba komai. Ta rigakafi ce."

"Mai jego kwana ɗaya, a ɗora ta kan babur a sha iska da ita? Ta ci, ta sha kunun kanwa, nono ya zo. Ke ɗiyar ga, mi kika sani ga haihuwa?" Ta juya wajen matan da suka zo barka. "Kun ji budurwa za ta koya mani jego."

Suka yi dariya, ba ta mugunta ba. Wata ta ce a yi maza a nemo mini miji tunda na ƙosa. Fuskata ta yi zafi fiye da tukunyar. Gwaggo ta ga haka ta sassauta, ta dafa kaina.

"Bari a yi suna. In an yi suna sai a ga allurar taki."

Na ce to. Ban ce mata kwana uku ba. Ban ce mata ba don wannan jaririyar ba ce, don ƙannenta ne. Faɗin haka yana nufin in tsaya gaban iyayena mata in yi maganar cikin da Yaya za ta sake ɗauka, ni da ban taɓa ambaton kalmar a gabansu ba. Harshena ya yi nauyi, na mayar da kai ga wuta.

Ranar Alhamis mijin Yaya ya zo da kayan ƙauri, shi da abokansa biyu. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure wajen Baba, aka aike ni da ruwa. Mutum ne mai fara'a, kuma tsakanina da shi akwai wasa.

"A'a, Likita. Ke anka sa aikin wuta? Duk karatun ga a toka zai ƙare?"

"Ai ladan a wurinka zan karɓa."

"Sai dai in biya ki da dawa." Ya sha ruwa ya ajiye kofin. "Gobe da sassafe zan shiga Gusau in dawo. Akwai abin da ake so a sawo?"

Na sha komawa zauren nan a raina. Ina ganin hasken da ke shigowa ta ƙofa ya kwanta a kan tabarma, da takalman baƙi a jere, da carbin Baba. Ƙullin takardar yana taɓa kafaɗata. Mutumin nan da na miƙa masa ita ba zai tambaye ni komai ba, zai sayo, kuma da an sami ma'aikaciyar jinya ta zo har gida ta yi, ba sai an fitar da mai jego ba. Na dubi Baba, na dubi baƙin maza biyu da ban sani ba.

"Gwaggo ta ce citta da kanumfari da masoro," na ce.

Hantsin Juma'a ya same ni riƙe da jaririyar, Yaya tana bayan gida ana yi mata wanka. Ina jin ƙarar ganye a jikinta da faɗan Gwaggo. Yarinyar tana ƙanshin hayaƙi da man kaɗanya, ta kama ɗan yatsana ta riƙe. Inuwar katanga ta janye daga tsakar gida kaɗan-kaɗan, ina kallonta har ta ƙare.

Aka yi suna, aka yanka rago, gida ya cika ya watse. Washegari ina haɗa jakata Gwaggo ta leƙo. Ba ta manta ba.

"Ina allurar taki? Yanzu ko a lulluɓe ta a kai ta."

"Lokacinta ya wuce, Gwaggo."

"To Allah ya sa haka ya fi alheri."

Sai bayan fiye da shekara, ina karatun wani abu dabam, na ci karo da inda aka rubuta cewa idan kwana uku sun kuɓuce, har zuwa kwana na goma ana iya yin ta, da fatan ta yi ɗan amfani. Ranar da Gwaggo ta leƙo kwana na tara ne. Tambaya ɗaya zan yi wa Malama in san haka. Ban yi ba, saboda tambayar za ta kai ni ga faɗin abin da na bari ya wuce.

Na koma Gusau na ci gaba da bututuna. Na riƙa lallashin kaina da cewa ba kowace mace ce jikinta ke haddacewa ba, kuma gaskiya ne. A shekarar ƙarshe aikin kammala karatuna a kan tace masu gadin jini na yi shi. Ya fito tsaf, ba gauraye. Malama ta ɗaga takardar sakamakon ta nuna wa 'yan aji, ta ce hannuna ba ya gaggawa, ba ya kuma barin komai ya kuɓuce. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce.

Yaya ta sake haihuwa yarinyar tana da shekara biyu da rabi. Ban san da cikin ba sai da ya tsufa. Na kira ta na ce ta daure ta haihu a asibiti, ta ce in sha Allahu, ban faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. Naƙuda ta zo mata da sauri ranar da aka yi ruwa hanya ta yanke. Namiji ne. Kafin ya kwana ɗaya idanunsa sun yi rawaya, washegari har tafin ƙafarsa. Aka ce shawara ce, aka riƙa fitar da shi hantsi, aka jiƙa saiwa. A kwana na huɗu aka ɗauko shi za a kai Bungudu, ya cika a hanya. Ba a yi masa suna ba.

Na je gaisuwa. Na zauna kusa da ita a kan tabarma, gaban rigarta jiƙe da nono. Ta ce, "Likita, kin ga ikon Allah." Na ce Allah ya sa mai ceto ne. Wannan ce ranar da ya kamata in buɗe baki ko da duniya za ta kife. Na ce a raina ba yau ba, tana cikin zafi, bari ta ɗan huce. Irin maganar Gwaggo ce, bari a yi suna, sai dai yanzu ni nake gaya wa kaina.

Na uku ban ma ji labarin cikin ba. Ina aikin bautar ƙasa a wata jiha mai nisa, Yaya kuma ta ɓoye shi har ga Inna, tana tsoron baki. Sai saƙo na samu: ta haihu namiji, fari fat kamar ba jini a jikinsa, ya kwana biyu ya koma. Daga nan aka fara kiran abin da sunan da aka san shi. Aka ce wabi ne, yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa. Wasu mata suka daina miƙa mata jariransu ta ɗauka. Ita da ta fi kowa surutu a gidan biki ta koma zama a bakin ƙofa.

Da na dawo na sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Gusau. Ba bututu a nan, ba 'yan ƙwayoyi farare, sai gwajin zazzaɓi da rukunin jini. Amma a firjin ɗakin magani akwai allurar. 'Yar ƙaramar kwalba ce, ruwan ciki bai cika cokalin shayi ba, fari tas, irin wanda nake tarawa a kwalba ta biyar da ta shida. Ranar da na fara riƙe ta a hannu na yi mamakin rashin nauyinta.

Wata Juma'a na je Tsafe, Inna tana damun fura, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Waccan ta Bungudu ba ta jin daɗin jikinta kwana biyu." Na gane Yaya ciki gare ta. Ta ƙara da cewa Gwaggo ta riga ta yanke shawara: wannan karon da an haihu za a kai jaririn kan juji a ajiye shi na ɗan lokaci, don mutuwa ta ga ba mai so ta wuce.

Washegari na shiga mota. Na wuce Gusau ban sauka ba, na sauka Bungudu, na hau babur zuwa ƙauyen. Na sami Yaya a gindin bishiyar tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, 'yarta ta tafi Islamiyya. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Na zauna na ja tiren muka riƙa ɓara tare.

"Yaya, kin tuna ranar da na gwada miki jini a makaranta?"

"Da ya faɗi jarrabawa."

Na gaya mata duka. Na yi mata bayanin masu gadi, da allura, da kwana uku. Na gaya mata takardar da ke bakin mayafina, da zaure, da citta da kanumfari, da abin da na amsa wa Gwaggo bayan suna. Ban tsallake komai ba. Hannunta bai daina aiki ba sai da na kai ƙarshe.

"Ke nan ba wabi ba ne."

"A'a."

"Ba yaro ɗaya ba ne ke dawowa."

"A'a, Yaya. Su biyu ne, kowa da kansa."

Ta ajiye gyaɗar.

"Jikina ya kashe su."

"Jikinki gadi yake yi, bai san naki ba ne. Ni ce na sani."

"Kwana uku," ta ce. "Ina kwance ɗakin Inna. Ke kika hura mani wutar wanka, safe da yamma. Da kin leƙo kin raɗa mani a kunne, ni ai da na tashi da kaina."

Ban taɓa tunanin wannan ba. Shekara shida ina juya Gwaggo da zaure a raina, ban taɓa ganin cewa hanya mafi kusa ita ce ƙofar ɗakin ba, taku biyar daga murhu. Ita ce ta goya ni. Babu abin da ba ta gani ba nawa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Yanzu a yi mani ita."

"Yanzu ba za ta yi amfani ba. Jikin ya riga ya haddace."

"To mi kika zo yi?"

Na ce ta dawo Gusau kusa da asibiti, a riƙa duba cikin, a shirya jini tun kafin haihuwa, don idan jaririn ya fito da matsalar a sauya masa nan take. Na ce akwai kuma yiwuwar ya ɗauko nata jinin, ba na uban ba, to shi ba abin da zai taɓa shi. Ba mai zaɓa. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da yamma mijinta ya dawo, ta gaya masa da bakinta ina zaune. Bai ce min Likita ba. Ya tambayi ranar da za a kawo ta.

Wata uku ta yi a ɗakina a Tudun Wada. Muna kwana ɗaki ɗaya, muna ci kwano ɗaya, tana gode mini idan na miƙa mata ruwa kamar baƙuwa. Na so in ba da jinina a ajiye, amma ni fositif ce, irin jinin da jikinta ya koyi ƙi. Na bi mutane har na sami biyu masu irin wanda ake buƙata, suka yarda in kira su kowane lokaci.

Ta haihu ranar wata Lahadi da safe. Mace. Aka kawo mini jinin cibiya, na ce wa abokiyar aikina ta yi gwajin. Na tsaya a bayanta. Ɗigo na farko, na biyu, na uku. Ta juya, ta ƙara juyawa. Ya tsaya sumul, ja mai sheƙi.

Ba a kira kowa ba. Ba a sauya jini ba. Duk shirin da na yi ba a taɓa ko ɗaya ba. Yarinyar ta rayu ne saboda ta ɗauko jinin uwarta, ba don wani abu da na yi ba.

Gwaggo ta iso da azahar da ganyenta a buhu. Ta zagaya bayan asibitin ta dawo tana ƙorafin ba juji mai kyau, sai wani rami da ake ƙona shara. Yaya ta ce mata ba inda za a kai mata 'ya. Gwaggo ta jira har aka sallame su, ta ɗan taɓa ƙafar jaririyar a kan tokar murhuna ta ce wannan ma ya isa. Har yau ta yarda ita ta tsayar da wabin. Na yi mata bayani sau biyu, a gaban mata, da duk kalmomin da na kasa faɗa a da. Ta saurara ta ce duka biyun ai da izinin Allah ne.

Ranar da za su koma, mota tana jira a waje, Yaya tana zaune a bakin gado tana ba jaririyar nono. Ba ta dube ni ba ta ce, "Wannan irin jinina gare ta."

"E."

"Ke nan ita ma in ta girma ta haihu, sai an yi mata allurar."

"E. Cikin kwana uku."

"To ki rubuta mata. Ki rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa, yadda ko Gwaggo aka karanta ma za ta gane. Tunda ke bakinki nauyi gare shi."

Na yago shafi daga littafin aikina na rubuta a kan gwiwata. Ta karɓa, ta sa na karanta mata, ta ce in ƙara cewa ba a jira suna. Na ƙara. Ta ninke takardar huɗu, ta buɗe akwatinta ta tura ta can ƙasa, ƙarƙashin wasu 'yan riguna biyu na jarirai da ba a taɓa wankewa ba. Ta rufe, ta miƙo mini yarinyar in riƙe mata ta ɗaura zane.